Ƙarfe Biyu da Kwata

Shekara talatin da ɗaya ina sa rigar sanyi
a tsakiyar bazara, a Kano.
Masu gadin Bompai sun gaji da yi mini dariya.
Sun san ɗakin da nake shiga ba shi da taga,
ba shi da rani, ba shi da damina,
sai gurnanin fankoki, da korayen idanu masu ƙyaftawa
a jikin durowoyin ƙarfe bakwai
da suka yi sahu, ba sa ruku'u.

Da na zo, albashin kamfanin man gyaɗa kwana huɗu yake ci.
Malam Ilu akawu da yaransa goma sha biyu,
leja a buɗe, biro a bayan kunne,
shayi ya huce, goro ya ƙare,
suna ƙirga gumin mutum ɗari takwas
har idanu su koma gauta.
Na yi wata uku ina rubuta layi ɗari da tamanin.
Na ce wa na'ura: ƙarfe biyu da kwata na dare
ki tara, ki cire haraji, ki cire bashi,
ki aika banki, ki rufe littafi.
Ta yi. Minti goma sha ɗaya.

Manaja ya ba ni agogo.
Malam Ilu ya ba ni hannu, bai ce uffan ba.
Shekara na zagayowa na gan shi a Kantin Kwari
yana auna yadi a shagon ƙanensa.
Ya faɗa mini canjina da ka
kafin yaron shago ya laluɓo kalkuleta.
Na karɓa ban ƙirga ba.

Daren da aka haifi Bara'atu ba na asibiti.
Nefa ta ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya mutu,
faifai guda ya tafi da lissafin wata shida.
Tocila a baki, kaset a hannu,
ina maido da lambobi ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Da asuba aka bugo waya: mace ce, suna lafiya.
Aikin kwafe bayanai da na rubuta a makon
sunanta na sa masa.
Yau tana da 'ya'ya uku a Gyaɗi-Gyaɗi,
takwararta kuwa ba ta taɓa fashin dare ba.

Sana'ar nan ba ta da maroƙi.
In an manta da kai, to ka iya.
Ba a kiran sunana sai ranar da abu ya tsaya.

Yanzu ga Nafi'u, yaro mai hankali, da jakar goyo,
ya ce komai zai koma gajimare.
Na ce gajimaren da na sani ruwa yake kawowa.
Ya yi dariya, ya buɗe tsohon fayil ɗina,
ya tsaya cak a layi na casa'in da huɗu
inda na rubuta da Hausa, tun gashina baƙi:
kada ka taɓa wannan,
in ka cire shi masu aikin dare ba za su ga kuɗinsu ba.
Ya ce, Baba, me ya sa?
Wallahi na manta. Amma bar shi.

Jiya na miƙa makulli da katin ƙofa.
Rigar sanyin na bar ta a ƙusa.

Ga ni a Ɗorayi, zufa ta jiƙe matashi,
ido biyu, ƙarfe biyu da kwata,
agogon manaja na tafiya a kan tebur.
Ina sauraron wayar da ba ta yi ƙara ba.
Lami ta juya ta ce, Tanimu, ka kwanta mana.
Na ce, saura minti goma sha ɗaya.